Tayoyin Motar Mutawakkil

Yero mai sayar da taya ya durƙusa gefen motar, ya goge jikin tayar baya da babban yatsansa, ya karanto lambobin da ke kai a hankali kamar mai karanta sunan magani. Surayya tana tsaye a inuwar rumfar shagon da makulli a hannu, tana kallon ƙeyarsa.

"Na gaba daban, na baya daban," in ji shi yana miƙewa. "Na bayan sun fi faɗi. Shi ya sa na ce wa Alhaji a waya sai an aiko daga Kano. Duk Dutsin-Ma babu mai ajiye irin wannan, wa zai saya?"

Alhaji Ummaru, yayan mijinta, yana zaune a benci ya tattare babbar rigarsa bisa cinya. Ya ce, "To ai ga su sun iso. A nuna mana mu gama, ina da kaya a hanya."

Motar ta Mutawakkil ce, mijin Surayya. Ƙirar Jamus ce, ruwan toka, mai ƙofa biyu, irin wadda rufinta ke naɗewa ya shige baya in an danna maɓalli. A Abuja ya saye ta lokacin yana injiniya a wani kamfanin gine-gine, kuma ko mai wanki ba ya bari ya zagaya da ita. Wata safiya gab da azumi ya faɗi a banɗaki. Likitoci suka ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da yake fizgowa da ƙyar. Da aka sallame su daga asibiti sai dangi suka ce a dawo da shi gida Kurfi, wurin mahaifiyarsa Inna Batula. Motar ta biyo baya a kan babbar mota. Alhaji Ummaru ya ce ba za a kai ta Kurfi ba, don zamanin nan abin da ke jan ido ba a ajiye shi a ƙofar gida. Aka tura ta cikin siton hatsinsa a Dutsin-Ma, tsakanin buhunan gero da dawa, aka lulluɓe da tamfol. Can ta zauna har damina ta yi nisa, tayoyin suka sace, gefensu ya tsattsage.

Yanzu likitan Katsina ya ce sai an kai Mutawakkil Kano a daɗe ana yi masa gashin ɓarin da ya shanye. Aka zauna a falon Inna. Alhaji Ummaru ya ce a sayar da motar, ya ma samu wani dilan motoci da zai zo ya ɗauka, sharaɗinsa ɗaya, a sa mata tayoyin da za su kai ta Kano. Inna ta ce duk abin da ya gani. Surayya ta ce to.

Tun da suka dawo, to take cewa ga komai. Ta san lokacin magani, lokacin juya shi, lokacin sauya zanen gado, hannuwanta suna yi ba sai ta tuna ba. In an zo dubiya ta amsa gaisuwa, ta ce da sauƙi, ta raka su ƙofa. Rabonta da kuka tun a barandar asibitin Abuja, kuma ba daurewa take yi ba, kukan ne bai zo ba. Yau ma ba don tana so ta zo ba. Alhaji Ummaru ya leƙa cikin motar da safe, ya ga maɓallan da suka cika gabanta, ya ce shi ba zai iya ba, ita ce ta taɓa tuƙa ta. Aka ba tayoyin iska, aka ari batir, ta lallaɓo da ita daga sito zuwa shagon Yero.

Yero ya mirgino tayoyi ya jera su kashi uku a gaban benci.

"Waɗannan 'yan Kwatano ne," ya ce, yana bubbuga na farkon. "Zanensu bai ci ba, in ka gani sai ka ce sababbi. Amma ga shekarar da aka yi su a jiki, sun girmi motar. Waɗannan na tsakiya sababbi ne, 'yan Chana, girmansu ya yi daidai, sai dai taya ce kamar kowace taya, in ƙusa ta shiga dole a tsaya. Ita kuwa motar nan ba ta da safaya, ba a ma yi mata wurin ajiye ta ba. Na ƙarshen su ne irin waɗanda ke jikinta. Gefensu tauri gare shi, ko iska ta fita za su kai mutum gari."

Alhaji Ummaru ya tambayi kuɗin kowanne, Yero ya faɗa, Alhaji ya girgiza kai tun kafin ya rufe baki.

"Motar da za ta bar hannunmu gobe? A sa 'yan Kwatanon, a goge su su yi ƙyalli. Kano kawai za su kai ta."

"Duk wanda kuka ce, Alhaji."

"Ko kina da magana, Maman Yasmin?"

Haka yake kiranta, da sunan 'yarta tilo. Surayya ta dubi tayoyin. Duk baƙaƙe ne, duk zagayayyu, ba ta ga abin da ya raba su ba. Ta buɗe baki za ta ce to, sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Direbansa ne, motar masara ta kafe a laka a hanyar Dabawa. Ya miƙe ya nufi bakin titi yana faɗa, hannu ɗaya a kunne.

Yero ya jawo jak ya tura ƙarƙashin motar. Mutum ne mai son hira, shirun ya yi masa yawa.

"Amma Hajiya, mai motar nan ya iya riƙon abu," ya ce. "Dubi yadda tsofaffin suka ci daidai, ba gefe ɗaya ba. Ba tuƙi ne ya kashe su ba, zama ne. Da na ga an jawo ta daga cikin buhuna na ce lallai kayan gado ne. Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ya huta."

"Amin," in ji Surayya.

Ta zauna a bencin da Alhaji ya tashi. Wata motar haya ta wuce, maƙare da ɗaliban jami'a da jakunkunansu a kan but. Wata mata ta zo da tallan dafaffiyar gyaɗa, ta tsaya, ta ga ba a kula ta ba, ta wuce. Yero yana ta danna jak, bayan motar yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Surayya tana jin kalmar da ta faɗa tana nan a bakinta kamar ɗacin ƙwayar magani. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji kunya ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne yadda kalmar ta fito ba tare da ta yi tuntuɓe da komai ba, kamar an daɗe da share mata hanya.

Ta tuna da safen nan. Ta goge wa Mutawakkil jiki, ta sa masa riga, ta ce wa Inna, "Ya sha maganinsa, sai azahar kuma." Yana zaune a tsakaninsu ta faɗi haka. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ta ce masa "ka sha" maimakon ta ce wa wani "ya sha". Ba ta samo ranar ba.

"Malam Yero."

"Na'am, Hajiya."

"Yana da rai."

Yero ya saki hannun jak ɗin. Ya dube ta, ya dubi motar, ya cire hularsa ya mayar.

"Subhanallahi. Ki yafe ni, Hajiya, wallahi ban sani ba. Bakina ne ya riga ni."

"Ba komai. Rashin lafiya yake yi."

"Allah ya ba shi lafiya, ya tashi kafaɗunsa."

"Amin," ta sake cewa. Sannan ta nuna kashi na ƙarshe da makullin da ke hannunta. "Ka sa irin nasa."

Da Alhaji Ummaru ya dawo ya tarar an ciro tayar baya, mai facin da ke aiki da Yero ya ta da janareta, ya ɗora ta a inji yana raba ta da rim. Ya ga waɗanda aka ware, ya juyo ga Surayya.

"Ba waɗannan na ce ba."

"Ni na ce, Yaya. Ka bar mini wannan, ni zan biya."

"Don me? Mutumin nan ko kallonsu ba zai yi ba."

"Ban sani ba," in ji ta. Gaskiya ta faɗa, a lokacin ba ta sani ba.

Ya tsaya yana kallonta. Alhaji Ummaru ba mugu ba ne. Shi ke ɗauke da gidan tun da abin ya faru, kuma kowace Juma'a shi yake naɗe hannun riga ya yi wa ƙaninsa wanka da aski, ba ya barin kowa. Gajiya ce ta yi masa yawa, ta mayar da shi mai gajeren zance. Ya ja tsaki a hankali, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Aikin ya ɗauki lokaci. Tayoyin suna da taurin kai, sai da mai faci ya shafa musu ruwan sabulu ya haɗa da ƙarfe kafin su zauna a rim. Aka kira azahar, mazan suka tafi masallacin da ke bayan gidan mai, ita kuma matar mai shagon kusa ta ba ta buta da darduma. Bayan an dawo Yero ya ɗaure notuna, ya auna iska, ya sauke motar ƙasa. Motar ta tsaya cak a kan sababbin ƙafafunta, ƙurar sito har yanzu a jikinta.

Alhaji ya shiga gefen mai zaman banza da ƙyar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, hularsa tana gogar rufi har sai da ya cire ta ya riƙe. Surayya ta ta da motar, ta hau kwalta. Siton yana hannun dama, bayan kasuwa. Da suka iso kwanar ba ta karya ba, ta miƙe ta ɗauki hanyar Kurfi.

"Kin wuce."

"Na sani, Yaya."

"Ina za mu?"

"Gida. Ba mu tambaye shi ba."

"Tambayar me? Mutumin da ruwa ma sai an yi ta canka kafin a gane abin da yake so?"

"Motarsa ce."

Suka wuce gidajen ƙarshe na gari, gero da dawa suka rufe hanya hagu da dama, kore shar, sun fi mutum tsayi. Wani mai babur ɗauke da jarkokin nono ya rage gudu yana bin motar da kallo har ya kusa sauka daga titi.

"Kin ga abin da nake gudu," in ji Alhaji. "Kafin magariba labari ya kai Barkiya, ya kai Rawayau, ya kai inda ba ma so ya kai. An ce gidan su wane akwai mota ta miliyoyi."

"Ba za ta kwana ba."

"Kafin la'asar ta yi sanyi mu juyo. Ba na bin hanyar nan da yamma."

"To."

Motar ƙasa-ƙasa take, kowane rami sai ta ji shi a haƙoranta. Ta riƙa kauce musu a hankali, wani ta bi ta gefe, wani ta shiga a karkace. A wani shingen jami'an tsaro aka tsayar da su, ɗaya ya leƙo, ya ga Alhaji Ummaru a naɗe da hula a hannu, ya gaishe shi da sunansa, ya ɗaga musu hannu. Suka ci gaba har Kurfi.

Lungun gidan Inna matsattse ne, kuma ruwan jiya ya bar taɓo a tsakiya. Ta tsayar da motar daidai ƙofar zaure. Kafin ta kashe ta yara sun fara taruwa daga nesa, matan maƙwabta suna leƙe ta saman katanga. Alhaji ya fito yana miƙe baya, ya shiga gida ba tare da ta roƙe shi ba. Jim kaɗan ya turo ƙaninsa a keken marasa lafiya har bakin zaure.

Mutawakkil ya rame, rigar da ta sa masa da safe tana lilo a kafaɗunsa. Hannun dama yana kwance a cinya, yatsun a dunƙule. Ya dubi motar. Fuskarsa ba ta sauya ba, ko kuma ɓarin da zai iya sauyawar ne bai sauya ba.

Surayya ta tsuguna a gabansa. Ta saba kallon bakinsa don cokali, da idonsa don ganin ko barci ya ɗauke shi. Yau ta dube shi gaba ɗaya, abin ya yi mata baƙo, kamar an ce ta yi magana da wanda ba su taɓa haɗuwa ba.

"Baban Yasmin," ta ce, "an yanke shawarar sayar da motarka, saboda gashin da za a yi maka a Kano. Gobe mai saye zai zo. Ba mu gaya maka ba. Shi ne na kawo ta, ka faɗi abin da ka gani."

Leɓensa ya motsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ji bakinta yana shirin ƙarasa masa, kamar kullum, ta danne.

"Na... ji."

"Ka ji?"

Ya ɗaga hannun hagu ya taɓa kunnensa, sannan ya nuna cikin gida, wajen falon Inna, wanda bango ɗaya ya raba da ɗakinsa.

"Duka."

Alhaji Ummaru ya sunkuyar da kai, yana juya hularsa a hannu.

Mutawakkil ya nuna motar da haɓa. Alhaji ya tura keken har gefenta. Mutawakkil ya miƙa hannun hagu ya shafa tayar baya, ya bi zanenta da yatsa, ya kama ɗan gashin roba da ke tsaye a jikin sabuwar taya ya murza. Ya daɗe a haka.

"Wa?"

"Ni na zaɓa," in ji Surayya.

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. "Buɗe."

Ta zagaya ta shiga, ta danna maɓallin. Rufin ya ɗaga, ya karye gida biyu, ya naɗe, bayan motar ya buɗe ya haɗiye shi. Ƙurar hatsi ta zubo a kan kujeru. Yaran da ke gefe suka matso suna surutu ƙasa-ƙasa.

"Ka ga yanzu ai da sauƙi," in ji Alhaji, muryarsa ta yi laushi. "Sai in ɗaga ka ta sama in zaunar da kai. A zagaya da kai ko zuwa bakin kasuwa ne."

Mutawakkil ya dubi kujerar direba, ya dubi ta gefe. Ya girgiza kai. Ya janye hannunsa daga jikin motar ya mayar cinya, kusa da ɗayan.

"A... sayar."

"Ka tabbata?" Surayya ta tambaya.

"Sayar."

Ta tsaya riƙe da ƙofar motar, tana jira ta ji wani abu, sauƙi ko baƙin ciki, ko ma haushi. Babu abin da ya zo sai tsamin ƙafarta ta dama, wadda ta sha taka burki a hanya. Alhaji ya mayar da keken inuwar zaure, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Maman Yasmin, mu kama hanya."

Sai ga Inna Batula ta fito daga cikin gida da kofi da cokali, mayafinta a kafaɗa. Ta yi wa motar kallo ɗaya, ta kawar da kai.

"Kun fito da shi iska, ga lokacin kununsa ya wuce," ta ce. "Ungo, ba shi kafin ku tafi, ya fi karɓa a hannunki."

Surayya ta karɓa. Kunun gyaɗa ne, da ɗuminsa, irin wanda ake dama masa kullum da rana tun ranar da suka iso. Ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna, ta juya cokali, ta ɗebo, ta kai rabin hanya. Bakinsa ya riga ya buɗe. Ta tsaya da cokalin a sama.

"Kunun kake so, ko wani abu?"

Ya rufe bakin. Ya dube ta. Leɓensa ya fara aiki, ya tsaya, ya sake farawa. Alhaji ya sake duban rana, ya sauya ƙafa. Inna ta ce, "Ke ba shi kawai," amma Surayya ba ta motsa ba. Wani ɗigo ya faɗo daga cokalin ya sauka a zanenta.

"Sha... yi."

"Shayi kuma?" in ji Inna. "Da tsakar rana? Ai kunun ya fi riƙe ciki."

"Shayi," ya sake cewa, wannan karon a haɗe.

Surayya ta mayar da cokalin cikin kofi, ta ajiye a kan dakali. Alhaji Ummaru ya dubi motar da ke tsaye a lungu da samanta a buɗe, ya dubi ƙaninsa, ya sa hularsa, ya tattare riga ya zauna kusa da kofin. Ita kuma ta shiga gida ta ɗora ruwa.